Abin da Boniface Ya Ciro Daga Lasifikar Yayana

Makon jiya na je suna a Fagge, layinmu na dā. Ina zaune na ji wata yarinya, wadda ba ta fi shekara ashirin da biyu ba, tana cewa ta hana mijinta kai motarsa gyara Sabon Gari, wai kada a yi masa irin na "Boniface mai laya". Na tambaye ta ko ta san Boniface. Ta ce a'a, magana ce ta taso ta ji ana yi. Tuwon sunan nan bai ciyu mini ba. Mutumin ya bar Kano shekara goma sha shida ke nan, ya ma riga mu gidan gaskiya, amma har yau bakin unguwa bai sake shi ba. To ni na san Boniface, na kuma san layar, domin da hannuna na sa ta a inda ya same ta. Zan faɗi yadda aka yi. Wanda zai ji haushi ya ji.

Boniface Nwabueze a Sabon Gari aka haife shi. Ubansa ma'aikacin reluwe ne. Hausarsa ta fi ta wasu masu cika baki da asali, har karin magana yake jefa wa mutum ya bar shi da baki buɗe. Ya koyi gyaran rediyo a kantin wani Kwara, irin Larabawan nan 'yan kasuwa, tun yana saurayi, daga baya ya buɗe nasa shagon. Da aka yi tashin hankalin sittin da shida ya gudu ƙasarsu da matarsa Obiageli da 'ya'ya uku. Bayan yaƙi suka dawo da 'ya ɗaya, Ebere. Sauran biyun ban taɓa jin ya ambace su ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ya tarar da wani a shagonsa, mutumin ya ce saye ya yi, ya nuna takarda. Boniface bai ja ba. A lokacin wanda ya dawo da ransa ba ya jayayya.

Mahaifinmu ya san shi tun dā, shi yake gyara masa rediyon da yake jin labaru. Da ya gan shi yana yawo da jakar kayan aiki a kan keke, sai ya nuna masa jikin katangar gidanmu, ya ce ya kafa rumfa.

"Zauna nan," in ji Baba. "Muddin ba ka jawo wa ƙofar gidan nan abin magana ba, ba mai tashinka."

Rumfar kwano huɗu ce, da benci, da tebur mai ƙafa ɗaya gajeriya da ya tokare da bulo. Daga nan yake ciyar da gida, daga nan Ebere take makaranta. Masu kawo masa aiki kuwa duk mutanen Fagge ne da 'yan Kantin Kwari, domin a Sabon Gari masu gyara sun yi yawa, kowa da shagonsa mai ƙofar ƙarfe. Wato abin da Boniface ya mallaka a duniya biyu ne: inuwar katangarmu, da shaidar da ake yi masa cewa in ka bar masa mota da makulli za ka dawo ka tarar ko goron da ka manta bai taɓa ba.

Baba ya rasu a saba'in da uku, gida ya koma hannun yayana, Alhaji Mamuda, mai sayar da atamfa a Kwari. Ni a lokacin na gama sakandare da daɗewa, ina buga tafireta a wata ma'aikata. Aurena ya mutu, na dawo gida da yara biyu, Yaya ya ba ni ɗakin da ke kusa da na Inna. Ku riƙe wannan, domin ba zan ɓoye dalilin shiruna ba.

Shekarun nan ne kuɗin mai suka juya wa garin kai. Masinjan ofishinmu ya sayi babur, akawu ya sayi mota, wanda jiya yake tallan yadi a kafaɗa yau ya je Makka sau biyu. Kuma kowa ya sayi mota ba ya son a gan shi kawai, so yake a ji shi. Nan kasuwar Boniface ta buɗe. Dabararsa ita ce ya samo babbar lasifika daga tsohon rediyo mai garmaho, irin na gidajen Turawa, ya ƙera mata akwatin katako, ya huda rami a gefe kamar bakin kofi don iska ta riƙa fita, ya haɗa da wani ɗan inji mai ƙara ƙarfi, ya ɗaure a but ɗin mota, bayan kujera. Abin da take bayarwa shi ne ƙasan sauti, wanda suke kira bes, wannan dundum ɗin da ba kunne kaɗai yake ji ba, har ƙirji. Ta farko da ya yi a Fijon Yaya ya sa. Lasifikar ta girmi motar da wajen shekara goma sha biyar, amma in Yaya ya shigo layi, kwanukan rumfuna har rawa suke yi. Yaya yana ji da abin nan fiye da yadda ya kamata babban mutum ya ji da abin wasa.

Boniface yana da wani kaset guda da yake gwada kowace lasifika da shi. Ba kiɗa ba ne. Wata rana ya yi sallama a zaure, ya roƙi Inna izini, ya miƙo mini rikoda ya ce in shiga da ita in ajiye kusa da turmi. Inna da wata maƙwabciyarmu suka yi luguden gero, na ɗauka har gefe guda ya cika. Inna ta yi ta dariya, ta ce ɗan nan ya rasa abin saurare. Shi kuwa ya ce:

"Inna, kiɗa yana yi wa kunne wayo. Ga kalangu, ga mawaƙi, ga 'yan amshi, sai ciwo ya ɓuya a tsakaninsu. Turmi kuwa murya ɗaya gare shi. Lasifikar da ta faɗi dum ta tsaya a dum, lafiyarta ƙalau. Wadda ta ƙara wani abu a kai, da magana."

A farkon daminar saba'in da shida Yaya ya tsallake rijiya da baya a hanyar Zariya. Wata babbar mota mai ɗauke da siminti ta shigo masa hannu, ya faɗa daji, Allah ya sa ko ƙwarzane bai yi ba. Inna ta kwana uku ba ta ci abin kirki ba. Ta aika wurin malaminta aka yo laya. Matsalar ita ce Yaya a lokacin ya fara zama da masu wa'azin da suke cewa laya haramun ce. Ya taɓa samun wata a ƙarƙashin tabarmar mota, ya kawo wa Inna har ɗaki, ya yi mata wa'azi a tsaye, uwar da ta haife shi. Don haka Inna ta kira ni.

"Zara, ke ce mai boko. Nemo inda hannunsa ba zai kai ba."

Ni ban yarda da laya ba, ban kuma ƙi ta ba. Tsohuwa nake so ta samu barci. Ranar Lahadi, Boniface yana coci, rumfa a rufe, Yaya yana barcin bayan azahar, na zare makulli daga ƙusa na buɗe but. Na duba ko'ina, sai idona ya faɗa kan ramin nan na akwati. Hannuna siriri ne a lokacin. Na tura shi har gwiwar hannu na saki layar. Na ji ta yi ƙas, kamar an fizge ta. Ban kawo komai a raina ba. Duk karatun kimiyyar da na yi bai tuna mini cewa a bayan kowace lasifika akwai mayen ƙarfe ba, ban kuma san abin da malam ya ɗinke a cikin fatar ba.

Ba a yi kwana goma ba sautin ya lalace. In an rage murya, lafiya. Da an ƙara, sai kowane bugu ya fito da wata jela, kamar ana yaga atamfa a bayansa. Abokan Yaya suka samu abin yi. Wannan ya ce motar Alhaji mura take yi, wancan ya ce ya jefar da tsohuwar lasifikar ya shiga Kasuwar Sabon Gari, sababbi 'yan Japan sun cika kanti. Ni kaina ban haɗa abin da layar ba. Na ɗauka tsufa ne.

Ranar wata Asabar bayan la'asar Yaya ya tsayar da motar a gaban rumfa. Tare da shi akwai abokansa biyu na Kwari. Ɗaya shi ne Alhaji Nalado, mutum mai ido kamar na shaho, wanda in ya kalli dila sau ɗaya zai gaya maka turmin atamfa nawa ne a ciki. Ni ina zaure ina tsefe wa 'yata kai, ta wata taga mai asabari ina ganin komai. Yekini mai faci, Bayaraben da rumfarsa ke maƙwabtaka da ta Boniface, ya ajiye tayar da yake fama da ita ya matso.

"Oga Boni, ga maras lafiyarka ta zo. Tun daga titin Kwari nake jin tarinta."

"Kai koma kan tayarka, Yekini. Mutumin da iska yake sayarwa, ita ma kafin a kai Kurna ta zube."

"Tawa dai ana tafiya a kanta. Taka fa? Surutu kake sayarwa."

Aka yi dariya. Yaya ya ce, "Boni, in ta mutu ka gaya mini in huta. Mutanen nan sun ishe ni."

"Ranka ya daɗe, ba a fara zargin lasifika. Ita ce ta ƙarshe. Sau da yawa wani ne yake laifi ita take shan zagi."

Ya cire kaset ɗin Yaya ya sa nasa na turmi, don a fitar da kaset daga zargi. Luguden Inna ya tashi a hankali, tsaf. Ya ƙara murya, sai jelar ta fito. Ya karkata kai ya saurara, ido a rufe. Ya ce Yaya ya tayar da inji, ko batir ne ya yi sanyi, domin lasifika mai jin yunwa haka take kuka. Aka tayar, ba canji. Ya zagaya baya ya dafe lambar mota da tafin hannu, ya dafe murfin but, ya dafe katakon bayan kujera, ɗaya bayan ɗaya, yana jira ya ji ko karkarwar za ta tsaya. Ya sa Yekini ya danne bamba.

"Da dukkan tumbin, Yekini. Yau ya yi rana."

Ba ta tsaya ba. Ya bi wayoyi da yatsa tun daga gaba har baya. Ya kwance wadda aka ɗaure a jikin ƙarfen mota, ya kankare tsatsa, ya mayar ya ɗaure tam. Har yanzu dai ana yaga atamfa.

"To," ya ce, "yanzu mun iso gidanta."

Ya kashe kaset ya cire ragar da ke fuskar akwatin. Ya sa hanci ya shinshina, ya ce ba ƙauri, wayar ciki ba ta ƙone ba. Ya bi gefen takardar da ke fuskar lasifikar da ido, ya ce ta yi laushi kamar tsohon zane, amma ba ta yage ba. Ya buɗe yatsunsa biyar ya dafa takardar daidai wa daida, ya tura a hankali, kunnensa a kusa, ko zai ji gogayya. Alhaji Nalado ya duba agogo.

"Wannan duk a kan takarda guda? Ni da nawa ne da tuni tana bola."

"Alhaji, ai kai ma ba ka jefar da turmin atamfa don bakinsa ya yi datti."

Daga nan ya ɗauko batirin tocila ya taɓa wayoyin lasifikar biyu da shi. Takardar ta yi tsalle waje. Ya juya batirin, ta koma ciki, sai aka ji ɗan ƙas. Ya sake. Waje shiru, ciki ƙas.

"Kun ji? In ta fito lafiya, in ta koma sai ta yi karo. Ranka ya daɗe, lasifikarka ba ta da ciwo. Wani abu ne ya zauna a bayanta. Ko noti ya faɗa mayen ƙarfe ya kama, ko ɓera ya yi gida."

A nan na tuna da layar. Na saki kan yarinyar. Ya kwance sukurori takwas, ya karkato lasifikar a ƙirjinsa, ya leƙa. Ni kaɗai nake fuskantarsa ta taga, na ga yadda fuskarsa ta sauya. Layar tana manne a jikin ƙarfen, kusurwarta tana taɓa bayan takardar. Ya san ko mece ce. Ya san Yaya, ya san wa'azin da yake yi a ƙofar gida, ya san Inna, ya san an yi hatsari. Mutumin da ya girma a cikinmu ba sai an yi masa bayani ba. Sai ya yi abin da duk ɗan halak ɗin Bakano zai yi: ya ɓamɓare ta a hankali, ya dunƙule hannu, ya kai aljihun wandonsa, yana cewa, "Ba komai, ɗan tarkace ne."

Kuskurensa ke nan. Da bai san kunya irin tamu ba, da ya ɗaga ta sama ya ce ga abin da na samu, da ya tsira.

"Tsaya," in ji Alhaji Nalado. "Me ka sa a aljihu?"

"Tarkace ne, Alhaji."

"Tarkace ake adanawa a aljihu? Fito da shi mu gani."

Boniface ya dubi Yaya. Yaya ya ce, "Fito da shi mana, Boni."

Ya fito da ita. Masu wucewa suka fara tsayawa. Nalado ya ɗauki reza daga kan teburin Boniface ya farke ɗinkin. Takarda ce mai rubutu, da sunan Yaya da sunan Inna, an naɗe allura bakwai a ciki. Daga baya Inna ta gaya mini malam ya ce alluran don kada ƙarfe ya ci shi ne. Amma a bakin titi, in aka ga allura da sunan mutum, ba wanda yake tunanin tsari.

"Wa ya ƙera akwatin nan?" in ji Nalado.

"Ni."

"Wa ya taɓa kwance shi ban da kai?"

"Babu."

Gaskiya ya faɗa. Bai ce komai a kan ramin gefe ba, alhali shi ya huda shi.

"To me ya sa ka ɓoye?"

"Na ga abu ne na cikin gida. Ban so a gani a gaban mutane ba."

"Cikin gidan wa? Yanzu kuma iyalin Alhaji za ka shafa wa? Kai dai ka je an yi maka aiki don a kama maka bakinsa, ka gaje katanga. Da ka ga asiri zai tonu ka zo ɗaukewa. Mamuda, tun yaushe nake gaya maka, ka ajiye Inyamuri a ƙofar gida kana kiransa amintacce."

Yekini ya ce, "Haba Alhaji, mutumin da ke zuwa coci ina shi ina rubutun allo?"

"Malaman tsibbu suna tambayar addinin mai aiki ne? Kai ma ka iya bakinka."

Yekini ya iya bakinsa. Yana da rumfa shi ma.

Hayaniya ta fito da Inna zaure. Ta leƙa, ta ga fatar a hannun Nalado, ta kama wuyan hannuna ta ce, "Zara, ki rufa mini asiri." Shekaru na yi ina gaya wa kaina riƙon nan ne ya hana ni fita. Ƙarya ne. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, da na fizge da na wuce. Ɗakina na tuna, da yarana biyu, da inda za mu nufa in Yaya ya ce mu fita. Taku biyar ne tsakanina da ƙofa, ban yi ko ɗaya ba.

Yaya bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Mahaifina ya kafa maka sharaɗi, ka sani. Na ba ka kwana uku."

Washegari da safe na same shi yana karin kumallo. Na durƙusa na gaya masa komai, tun daga aiken Inna har makullin da na zare. Na zaci zai zage ni. Ya ci gaba da shan kununsa.

"Na sani," ya ce. "Ina ganin ɗinkin na gane. Irin na wancan karon ne, jar fata da baƙin zare."

"Yaya, ka sani, ka tsaya ana ci masa mutunci?"

"Me kike so in yi? In tsaya a gaban Nalado in ce uwata ce? Ni da nake hana mutane a kasuwa? Gobe Kwari gaba ɗaya sai ta ɗauka. Ki zaɓa mini, Inna ko Boni."

"Ai ba zaɓi ba ne. Ka kira shi a gefe ka ce ya zauna, magana ta mutu."

"In ya zauna an san akwai wani abu ke nan. Ke ba ki san kasuwa ba, tafireta kika sani. Kuma wurin ma ina da buƙatarsa."

Wannan ta ƙarshen ita ce ta fi ƙona mini rai, har yau. Gari ya haukace da gini, kowa siminti yake nema, Yaya ya daɗe yana auna jikin katangar nan da ido. Wasiyyar Baba ce ta tare shi. Layata ta buɗe masa hanya.

Boniface bai cika kwana ukun ba. Ranar Litinin na dawo daga aiki na tarar an kwashe kwanukan. Yekini ya ce shi ya taya shi ɗorawa a kura, ba wanda ya fito daga layin ya yi masa sallama, duk mutanen da ya gyara wa rediyo shekara shida. Kafin wata ya ƙare an yi ginin bulo a wurin an cika shi da buhunan siminti. Lasifikar kuwa Yaya bai bari an mayar ba, ya sa aka jefar ya sayo sabuwa.

Sai da na yi mako biyu kafin na iya zuwa Sabon Gari. Ɗaki ɗaya suke haya a wani gidan yawa. Obiageli tana wanki a tsakar gida. Ta san ni sarai, ta sha kawo wa Inna manja. Ta ɗago ta dube ni ta ci gaba da cuɗa.

"Maman Ebere, ina wuni."

"Me kuka manta ba ku karɓa ba?"

Boniface ya fito ya ce ta bari. Ya ba ni kujera, shi ya zauna a bakin ƙofa. Na fara magana, ya ɗaga hannu.

"Malama Zara, na san ke ce. Ramin nan ni na auna shi. Hannun namiji ba ya shiga, Inna kuma ba ta iya buɗe but ba."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In faɗa wa wa? In nuna zaure in ce ga 'yar gidan can? Da ba da kura zan bar Fagge ba. Na taɓa barin garin nan da gudu, na san yadda ake farawa." Ya ɗago ya dube ni. "Ni na jira ne. Na ga inuwarki a taga. Na ce yanzu za ta fito."

Na ce ya yafe mini. Obiageli ta yi wata dariya maras daɗi daga bakin baho.

"Yafiya ba wuya," in ji shi. "Amma ba ita nake buƙata ba. Rumfa ma zan iya kafawa a wani wuri. Suna ne ba na iya kafawa. Shekaranjiya na je wa wani mai Marsandi a Gwammaja da ya daɗe yana kirana, yaransa suka ce ba ya nan, alhali ga motar a ƙofa. Abu ɗaya nake roƙo. Ba sai kin yi shela ba. Ki je wurin Alhaji Nalado, shi ya gani, shi yake yaɗawa. Ki gaya masa a gaban ko mutum biyu ne. In ya ji daga bakin 'yar gidan, magana ta juya."

Na ce zan je. Na rantse masa.

Ya koma aiki a ƙarƙashin wata bishiya kusa da tasha. Direbobin haya ne kawai suke tsayawa, su ma sai abin da ba a rasa ba, domin zamani ya zo da abin da ya lalace ba a gyarawa, sabo ake saye. Masu motocin da suka san darajar hannunsa kuwa su ne mutanen Fagge da Kwari, kuma labari ya riga shi isa kowane zaure. Na gan shi sau biyu daga cikin tasi, yana zaune da kayan aiki a shimfiɗe a kan buhu. Ban sauka ba. A saba'in da takwas ya sayar da keken, ya ɗauki matarsa da 'yarsa suka hau jirgin ƙasa. Mutumin da aka haifa a Sabon Gari, wanda ya taɓa gaya mini a garinsu baƙo ake ɗaukarsa saboda harshensa ya karkace. Bayan shekara uku Ebere ta rubuto wa Yekini cewa babanta ya rasu. Yekini bai iya karatu ba, ni ya kawo wa wasiƙar na karanta masa.

Alƙawarin kuwa, na je. Kada a ce ban je ba. Ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan zuwana Sabon Gari na tashi daga ofis na wuce Kwari kai tsaye. Duk hanya ina maimaita abin da zan faɗa. Na sami Alhaji Nalado a kan dila, mutum huɗu suna zaune tare da shi suna cin gyaɗa. Daga can ƙarshen layin ina hango shagon Yaya, da shi kansa a tsaye a ƙofa yana auna wa wata mata yadi. Na yi sallama. Nalado ya washe baki.

"A'a, ƙanwar Alhaji ce da kanta. Malama Zara, yau a shagonmu? Kin tsallake na yayanki, lallai kin san inda kaya suke. Me za a kawo miki?"

Mutanen nan huɗu suka juyo suna kallona. Na buɗe baki. Na nuna wata atamfa mai ruwan ganye da ke saman kanta, na ce a sauko mini da ita in gani. Ya yaba idona, ya ce shigowarta ke nan. Aka naɗe mini a takarda, na sa a hammata, na bi ta ɗaya ƙofar na tafi gida.